Zauren da Na Yi wa Siminti

Aikin da aka ba ni a unguwar Wunti bene ne mai hawa uku: shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen haya a sama. Irin ginin nan ne da ya cika Bauchi a shekarun nan, wanda ko ido a rufe zan iya tayar da shi. Abu ɗaya ya raba shi da sauran. A kusurwar filin, daidai bakin titi, inda duk mai hankali zai so ya sa babbar ƙofar shiga, akwai wani tsohon zaure na ƙasa a tsaye.

Filin asalinsa gidan gado ne, babban gidan malamai. Magada suka yi yawa, suka sayar wa wani Alhaji ɗan kasuwa, shi kuma ya sa aka rushe komai. Zauren kaɗai ya tsira, saboda hukumar da ke kula da kayan tarihi ta riga ta rubuta shi a littafinta. Takardar izinin ginin ta zo da sharuɗɗa a bayanta. Kada a rushe shi, kada a sauya masa siffa, kada babban inji ya matso kusa da shi, kuma a bar tazara tsakaninsa da sabon gini. Ni aka ɗauka in kula da aikin tun daga haƙa har zuwa fenti, don haka zauren ya zama kayana.

Ba baƙona ba ne. Ɗan unguwar ne ni, shagon ɗinkin mahaifina bai fi tafiyar minti biyar daga wurin ba, kuma na sha fakewa a cikinsa in ruwa ya kama ni a hanya. Daga waje ba wani abin kallo ba ne, jan gini ne mai kauri da zanko huɗu a kansa. Sai ka shiga ka ɗaga kai. Bakuna takwas ne suka taso daga jikin bango suka lanƙwasa, suka haɗu a tsakiyar rufin, inda aka manna wani tsohon farantin tangaran mai shuɗin baki. Babu ginshiƙi ko ɗaya. Na yi shekara biyar a jami'a ina lissafin nauyi, amma da za a ba ni ƙasa da azara a ce in yi irinsa, da na nemi hanyar gudu.

Ma'aikaciyar da hukumar ta turo mana mace ce, 'yar kudancin jihar, Kirista, 'yar firit da ita, kullum da tef ɗin awo a jaka. Madam muke ce mata. Ba ta da faɗa, amma in ta tsaya a kan magana sai dai ka gaji ka bari. Ita ce ta kawo mana tsohon maginin da zai riƙa duba zauren har a gama aiki. Kakansa ne ya gina shi, ubansa ya taɓa sake rufinsa, shi kuma tun yana saurayi yake yi masa yaɓe duk shekara kafin damina. A ƙauyen Miri, bayan gari, yake zaune yanzu, yana noma. Kullum da safe mai babur yake sauke shi, ya cire takalmansa a ƙofar zauren, ya shiga da sallama ko da babu kowa a ciki. Baba nake kiransa, shi kuma ya ce mini Injiniya.

Watannin farko na tsani zauren nan, ba zan ɓoye ba. Tifa ba ta iya juyawa saboda shi, sai a zube yashi a titi leburori su kwasa da baro. Harsashin ɓangarensa da hannu muka haƙa, da diga da shebur, aikin kwana uku ya cinye mana sati uku. In aka tayar da injin girgiza kankare, Baba yana ciki ya ɗora tafin hannunsa a bango, idonsa a lumshe. In ya leƙo ya ɗaga hannu, dole a kashe inji, ko da kankare na bushewa a baro. Ni kuma mutum ne mai saurin hawa, duk wanda ya yi aiki da ni ya san haka. Na sha jefar da hular kwano a ƙasa. Har suna na sa wa zauren, surukina nake ce masa, tunda kullum sai na kauce masa na rage murya. Da Baba ya ji sai ya yi dariya, ya ce ai kuwa na yi dacen suruki, shekara ɗari bai taɓa shiga maganar kowa ba.

Zafin bazara ne ya sasanta mu. Ofishina kwantena ce ta ƙarfe, da rana ta take ba ta zaunuwa. Wata rana na ɗauki kwanon abincina na shiga zauren don in huce, na tarar da sanyi kamar cikin randa. Daga ranar can nake cin abinci. Baba ya riƙa nuna mini abubuwa ba tare da na tambaya ba: yadda ake jera azara, wato tsagin giginya, ana ɗaurewa ɗaya bisa ɗaya tana ɗan leƙowa har baka ya lanƙwasa, da yadda bangon ya fi kauri a gindi ya riƙa sirancewa zuwa sama. Shi ma yana da tambayoyinsa. Ya so ya san me ya sa muke binne rodi a cikin kankare, kuma in ya yi tsatsa a ciki wa zai gani. Na ce babu. Ya jinjina kai ya ce lalle muna da ƙarfin hali.

A haka na fara son wurin. Har na kai in na zo da safe, kafin in hau bene in duba aikin jiya, sai na zagaya zauren tukuna. Ina faɗin wannan ne don a san cewa abin da na yi daga baya ba da ƙiyayya na yi shi ba.

Gini ya zo ƙarshe ana gab da faɗuwar damina. Alhaji ya sa ranar buɗewa, ya riga ya gayyaci mutane, domin yana so a yi kafin ya tafi aikin hajji. Bene ya sha fenti da gilasai, yana ta ƙyalli, ga zaure a gabansa duk jikinsa ya ɓaɓɓare, domin shekara biyu ke nan ba a yi masa yaɓe ba, tun da aka sayar da gidan. Alhaji ya tsaya ya dube shi, ya ce da ni, Injiniya, a san yadda za a yi da wannan abin, kada ya ba mu kunya.

Na kira Baba na ce yaɓe muke so, kwana nawa zai ɗauka. Ya zauna ya lissafa mini. Za a kawo jar ƙasa a zube, a yayyanka ciyawa a ciki, a haɗa da kashin doki, a zuba ruwa a tattaka da ƙafa. Sai a rufe a bar ta ta ruɓa, duk bayan kwana uku a buɗe a sake takawa, har sai warinta ya sauya. Wannan kaɗai sati uku. A gefe kuma a jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa, ruwanta ne ke sa yaɓe ya ƙi shan ruwan sama. A shafa na farko a jira ya sha iska, sannan na biyu. Kuma tulin ƙasar a gaban zauren zai zauna, daidai inda masu shimfiɗa bulon daɓe na intalok suke jira in ba su wuri.

Kwana goma sha biyu gare ni. Na ce a rage. Ya ce ba shi ke riƙe da kwanakin ba, ƙasar ce. Na ce a yi da ƙasar da ba ta ruɓa ba, bayan biki a sake. Ya ce ruwan farko zai wanke ta, kuma shi bai taɓa yi wa zauren nan aikin ganin ido ba, ba zai fara da furfura ba. Na kai wa Alhaji maganar kashin doki a ƙofar sabon beninsa, ya toshe hanci tun kafin in gama.

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Baba ya nemi in ba shi kwana uku ya je Miri ya zuba gero. Na ce ya ɗauki sati ma, har na kai shi da motata. A hanya muna ta hira, yana nuna mini gonakin da aka yanka filaye, ni kuwa na riga na gama shawara a raina. Madam ta tafi wani kwas a wajen jihar. Lambarta na cikin wayata, kuma na san in na kira ta abin da za ta ce, shi ya sa ban kira ba. Na ɗauko takardar izini na sake karantawa. Ta ce kada a sauya siffa, ni kuma ba siffa zan taɓa ba.

Washegari na sa aka kafa wa zauren ragar waya da ƙusoshi tun daga gindi har zanko. Na zaɓi birkilan da ya fi kowa hannu, na ce ya yi kwaɓi mai ƙarfi, kada ya ji tausayin siminti. Aka yi masa filasta gaba ɗaya daga waje, har saman rufin aka shafe. Birkilan ya bi zanen da ke goshin ƙofar ya fitar da shi tsaf. Da ya bushe aka buga fenti mai launin jar ƙasa. Kwana huɗu aka gama. Na tsaya a tsallaken titi ina kallo, wallahi daɗi nake ji. A ganina na yi wa tsohon gini gatan da ba a taɓa yi masa ba, na raba shi da ruwa har abada. Masu wucewa suna ta sa albarka, teloli na fitowa daga shaguna suna cewa zaure ya koma ango.

Ranar da Baba ya dawo ina tsaye da ma'aikata a gaban bene. Ya sauka daga babur, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya matsa ya ɗora hannu a bangon, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya zagaya ya sake ƙwanƙwasawa. Bai cire takalmi ba, bai shiga ba. Ya zo inda nake, ya gaishe ni kamar kullum, har ya tambayi iyali.

"Injiniya, wa ya ba ka wannan shawara?"

"Ni na ba kaina, Baba. Bai yi kyau ba?"

"Ya yi kyau," in ji shi. "Amma ka sa a ɓamɓare shi yau, tun bai gama kamawa ba. Bangon nan yana shan ruwa ta gindi duk damina, ba a hana shi. In rani ya zo sai ya fitar da shi ta jikinsa. Yanzu ka toshe masa hanya. Ruwa zai shiga, ba zai fita ba."

A hankali ya faɗa, ba don kowa ya ji ba. Amma ma'aikata suna saurare, birkilan na murmushi, ni kuma na ji kamar an tsinka ni a gaban yarana. Raina ya ɓaci. Na ce masa ruwa da ƙasa karatunsu na yi, ba gado na ci ba. Na ce duniya ta wuce zamanin taka kashin doki. Da na tsaya a nan da da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, ko dai damuwarsa ita ce daga bana babu sauran aikin yaɓen shekara-shekara da za a kira shi?

Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni. Mutumin da ya girmi mahaifina, wanda watanni muna cin abinci a tabarma ɗaya.  Ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa wanda aka zaci an sani. Ya shiga zauren da takalminsa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya ɗauko 'yar jakar kayan aikinsa da butarsa. Ya ce, "Allah ya tsare, Injiniya." Ya tari babur ya tafi, bai sake zuwa ba.

Aka yi bikin buɗewa, aka yi ta ɗaukar hoto a gaban zauren. Alhaji ya yaba mini a gaban baƙi.

Da Madam ta dawo ta gani, sai da ta zauna a kan wani bulo. Ta ce, "Injiniya, me ka yi haka? Wannan abu zai kashe shi." Ta rubuta rahoto, ta kawo takarda cewa a cire simintin. Na ce mata damina ta riga ta zauna, in aka ɓare shi yanzu bangon zai tsaya tsirara a cikin ruwa, a bari sai kaka. Wannan gaskiya ce, shi ya sa ta yarda. Kaka ta zo, zaure na tsaye lafiya lau, ko tsaga babu. Sai na fara cewa a raina, to ina abin da ake ta tsoro? Lokacin 'yan haya sun shiga, mai sayar da wayoyi da mai kemis suna gab da zauren, ba mai son a tayar masa da ƙura a ƙofar shago. Ni ma Alhaji ya riƙe ni in ci gaba da kula da ginin, ina da wani ɗan ofis a hawa na biyu. Sau uku Madam tana zuwa a ranin nan. Sau ɗaya na ce sai Alhaji ya dawo daga tafiya, sau ɗaya na ce ana neman ma'aikata, na ukun ina hango ta ta taga na sa aka ce ba na nan.

Alamu kuwa sun zo, ni ne na ƙi karanta su. Sanyin cikin zauren ya sauya, ya zama irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, da warin danshi. Gindin bangon daga ciki ya yi duhu har tsayin gwiwa, a tsakiyar rani. Wani farin gishiri ya riƙa fitowa. Na daina cin abinci a ciki, na ce wa kaina aiki ne ya yi yawa. Gab da damina ta biyu na ga siririyar tsaga a saman rufin, kusa da indararo, inda zafin rana ya fasa simintin. Na san ruwa zai bi ta nan ya gangara bayan filasta. Abin da na yi shi ne na aika aka kwaɓa siminti aka toshe. Na yi tunanin zuwa Miri a lokacin, har na ɗauki makullin mota. Girman kai ya zaunar da ni.

A watan Agusta aka yi ruwan kwana uku, irin mai sauka a hankali ba ya ɗaukewa. A rana ta uku bayan azahar ina ofis na ji wani sauti mai nauyi, ba mai ƙara ba, kamar an sauke buhunan hatsi daga mota gaba ɗaya. Bene ya ɗan motsa. Tun kafin in kai taga na san ko mene ne.

Bangon gabas ne ya fara zamewa, rufin ya bi shi. Simintina ya faɗo waje falle-falle, manya-manya, da fentinsa da ragarsa, bai ko farfashe sosai ba. Abin da ke bayansa kuwa ba bango ba ne kuma, taɓo ne, yana malala a kan intalok har cikin kwata. Allah ya taƙaita, babu wanda ya ji rauni. 'Yan keke-napep uku sun fake a ciki, wani tela ya ga ƙasa na zubowa daga rufin ya kore su minti kaɗan kafin nan. Dattawan unguwa suka fito cikin ruwa suka tsaya suna salati. Wani tsoho da ya yi karatun allo a zauren yana ta share fuska da hannun riga. Ba wanda ya ce mini komai, kuma da sun zage ni da na fi samun sauƙi.

Madam ta iso da lema, ta zagaya tulin sau ɗaya. Na shirya jin duk abin da za ta faɗa. Ba ta ɗaga murya ba, idonta ne kawai ya yi ja. Ta ce za ta rubuta abin da ya faru yadda ya faru, sannan ta ce, "Ka je wurin Baba. In akwai wanda zai iya tada shi, shi ne."

Kafin nan akwai aikin da ke gabana. Taɓo ya toshe kwata, ya ci rabin titi, keke da babura sun cunkushe, masu shaguna suna ta ƙorafi. Nan na yi abin da na iya. Na kira tifa da leburori, cikin kwana biyu wurin ya koma fes. Amma azara ban bar kowa ya taɓa ta ba sai ina tsaye. Ɗaya bayan ɗaya muka zaro su daga cikin taɓon, na sa aka wanke, na rubuta wa kowace lamba da fenti, aka jera su a ƙarƙashin matakala inda ruwa ba ya kaiwa. Ko ɗaya ba ta ruɓe ba. Wannan ya ƙara mini baƙin ciki, domin ya nuna ginin bai gaji ba, ni na kayar da shi.

Sati uku na yi ina ɗaga tafiya Miri. Ranar da na je gero ya yi tsayi har ya rufe hanya, sai da na yi tambaya sau biyu. Na same shi a ƙofar gida a kan buzu, ya miƙe ƙafa ɗaya da ta kumbura. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da aiki da Alhaji da Madam, ya sa aka kawo mini ruwa. Labari ya riga ya iso masa tun ranar. Bai ce ai na faɗa maka ba. Na jira ya faɗa, bai faɗa ba.

Na ce, "Baba, na zo neman gafara ne. Na ƙi jin maganarka, kuma na faɗa maka abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa uba ba."

Ya ce ya yafe tun kafin babur ya fita Wunti da shi, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ce ran nan da aka gaya masa zauren ya faɗi bai iya cin tuwo ba, amma ba ni ya riƙa tunawa ba, ubansa ya riƙa tunawa.

Sai na gaya masa abin da na zo da shi. Na ce hukuma na so a sake tayar da zauren, Alhaji ya amince, kuma azara tana nan duka, na adana ta da lambobinta. Wallahi sai na ga fuskar tsohon nan ta sauya. Ya janyo ƙafarsa ya gyara zama. Ya tambaye ni ko dogayen nan na tsakiya sun karye, na ce lafiyarsu ƙalau. Ya ce alhamdu lillahi, ai an yi rabin aiki. Ya fara tsarawa da yatsa a ƙasa. Sai bayan girbi, in ruwa ya ɗauke. Shi ba zai iya hawa ba yanzu, amma zai zauna a kujera ya riƙa faɗa. Akwai mutum biyu a nan Miri da ya koya wa ginin rumbu, hannunsu ba laifi, za su iya in yana kusa. Za a yi tubali a shanya, a tayar da bango kamu-kamu ana bari yana bushewa. Ya ce ni ma sai na cire takalmi na shiga taka ƙasa, shi ne tarata. Muka yi dariya. Rabon da in ji sauƙi a ƙirjina irin na wannan lokacin tun ranar da zauren ya faɗi.

Yana cikin zane a ƙasa, bai ko ɗago ba, ya ce, "Ƙasar fa, ka dai sa an rufe ta ko? A samu leda babba a lulluɓe, kada sauran ruwan nan ya wanke ta."

Na ce wace ƙasa.

"Ƙasar zauren mana. Wadda ta zube."

Sai ya ɗauka ban gane ba ne, ya shiga yi mini bayani. Ya ce ginin ƙasa in ya faɗi ba a zubar da ƙasarsa, ita ake sake jiƙawa a taka a mayar. Ta zauren nan kuwa kakansa ya ɗebo ta ne daga wani kududdufi a bayan ganuwa, wanda yanzu gidaje ne a kansa, babu sauran irinta a garin. Ga shi ta shekara ɗari tana shan makuba. Ƙasar Miri yashi ya yi mata yawa, za ta riƙe rumbu, za ta riƙe ɗaki, amma ba za ta ɗauki baka mai faɗin wancan ba. Ya ce ba komai in ta haɗu da ɓaraguzan siminti, a tsince su da hannu.

Ina jinsa, a zuciyata ina ganin tifar nan tana fita da ƙasar daga Wunti sawu bayan sawu, ni da kaina ina ɗaga mata hannu tana ja da baya. Direban ya ce mini ya samu wani mai gini a unguwar Tirwun da ke neman abin cikon harsashi, har na ce madalla, an huta da neman inda za a zubar. Na kuma san sun riga sun daddaɓe ta sun zuba kankare a kai, domin direban ya dawo yana ba ni labarin saurin aikinsu.

Na gaya masa. Ban san yadda na haɗa kalmomin ba, amma na gaya masa.

Ya ɗago ya dube ni. "Duka?"

"Duka, Baba."

 Ya dubi zanen da ya yi a ƙasa, sannan ya sa tafin hannu ya shafe shi a hankali. Na taɓa ganin mutane a wurin rasuwa, na san yadda fuska ke yi in labari ya gama isa zuciya, haka tasa ta yi. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, ina zaune a gaban gidan mutane, da girmana. Na ce ko za a nemo wata ƙasar a wani gari, ko nawa ne nisan, zan je da kaina. Ya girgiza kai, ya ce ko an samo, sai ta shekara tana kwance kafin ya yarda ya ɗora mata baka, shi kuma in duba ƙafarsa in duba shekarunsa.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Ya ce in tashi in kama hanya kada ruwa ya tare ni, hanyarsu ba ta da kyau in ta jiƙe. Na miƙe na yi masa sallama. Har na kai mota ya kira ni.

"Injiniya, azarar nan ka raba wa masu rufin ɗaki a unguwa. Itace ne mai kyau, kada ka bar shi a ƙarƙashin bene yana jira."